Kada a Ɗaure Hannun Mai Aski

Kujeru goma sha huɗu na jera ranar da na fara koyar da maganar ƙarshen rayuwa a cibiyarmu ta marasa wurin kwana. Mutum huɗu suka zauna. Biyu barci ya kawo su, ɗaya ta ji an ce za a raba sabulu, na huɗun kuwa yana jin na ambaci mutuwa ya tofar da yawu kusa da takalmina ya fice. Akwai na biyar, amma shi bai zauna ba. Yana tsaye a lungun taga yana yi wa wani aski, kunnensa na wajena.

Shi ne Almakashi. Sana'arsa ce ta ba shi sunan, sai dai duk wanda ya taɓa shiga bakinsa ya san akwai dalili na biyu.

Aikin da aka ɗauke ni in yi ba shi da wuyar faɗa. Mai kwana ƙarƙashin gada ko a barandar kanti, ranar da ciwo ya kayar da shi, a sume ake kai shi asibiti. Ba ya magana, ba mai yi masa. Sai a yi masa abin da aka ga dama, ko a tono wani ɗan'uwa da rabonsa da shi tun haƙoransa na cike, a ce shi zai yanke hukunci. To nawa shi ne in zaunar da mutum tun bakinsa na aiki, in yi masa tambaya biyu: wa kake so ya yi magana a madadinka, kuma me kake so a yi maka, me ba ka so? A rubuta, ya sa hannu, shaidu biyu su sa, likitan da ke leƙo mu ya sa. Shi ya riƙe kati a aljihu, ni in ajiye kwafi.

"'Yar Lissafi," in ji Almakashi, bai ko ɗago daga ƙeyar da yake gyarawa ba, "kin gama ƙirga mu da rai, yanzu gawarmu kike son ƙirgawa?"

"Baba, ba gawa nake nema ba. Maganarka nake so in adana maka, don ranar da baki zai ƙi buɗuwa."

"Bakin wannan?" Matar da ta zo don sabulu ce ta tsoma baki, wata gajeriya mai kaurin murya, ta jingina buhun kwalabe a ƙafarta. "Ranar da bakin wannan ya rufe ai sai a ba da hutu a gari."

"Ke Sarauniyar Bola, da ke ake? Je ki ƙirga 'ya'yanki, na ji ɗaya ta fashe."

"Ta fashe a kanka, tsohon banza."

Ita ce Mai Kwalabe. A barandar wani kantin magani suke kwana, shi a wannan ƙarshen, ita a wancan, ginshiƙai huɗu a tsakaninsu. In ya je famfo ita ke gadin kayan askinsa, in ta shiga zagaye shi ke gadin buhunta. Ba aure, ba dangantaka, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya gaya wa ɗaya magana mai daɗi ba.

Tarihinsa guntu-guntu na same shi, galibi ina riƙe masa madubi. Yana ƙarami aka kai shi shagon wani mai aski, ya fara da sharar gashi, ya koma wankin reza, har aka yarda ya taɓa kan mutum. Da ya tsaya da ƙafarsa ya kama shago kusa da tashar mota: kujeru biyu masu juyawa, madubai uku, benci ɗaya na masu jira da masu gulma. Iyayensu suka rasu suka bar masa ƙane. Shi ya goya shi, shi ya sa shi makaranta. Duk takardun shagon da sunan ƙanen aka yi su, don shi ne mai karatu, kuma a lokacin wa zai kawo wani abu a ransa? Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Bayan nan ya kwanta jinyar karaya, ya tashi ya tarar an ciccire madubai an jera wayoyin hannu a gilashi. Ƙanen ya ce, Yaya, wahalar da ka yi mana ta isa, ka huta. Ya huta a ɗakin baƙi. Baƙi suka zo, ya huta a ɗakin ajiya, tsakanin buhunan siminti da mataccen firji. Ranar da aka fara miƙo masa abinci ta taga don kada abokan ƙanen su gan shi, ya naɗe almakashi biyu da reza da mataji a tsumma ya fita. Ba wanda ya kore shi, haka yake faɗa kullum. Ba kuma wanda ya bi sawunsa.

Ban taɓa ganin mai tsabta irinsa a titi ba. A ƙarƙashin kwalin da yake kwana a kai yake shimfiɗa rigarsa, gari ya waye ta miƙe kamar an goge. Kawuna ashirin da wani abu ne a hannunsa a cibiyar, kyauta, amma sai ka sha zagi. In ka zauna da datti a bayan kunne, sai duk ɗakin ya ji. Tari ne kawai ya fi ƙarfin tsabtarsa. Yakan juya baya ya yi shi a hankici, ya ninke da sauri. Na ga abin da ke ciki, likitanmu ma ya gani, ya tura shi hoto. Ciwon daji ne a huhu, kuma ya riga ya yaɗu. Da aka gaya masa cewa ya yi, "To," ya koma kan askin da ya bari rabi.

Duk da haka ba bayanina ne ya kawo shi kujerata ba. Direba ne, wani tsohon matuƙin babbar mota da ke kwana a tasha, abokin hirarsa. Ya faɗi aka kwashe shi, Almakashi ya je dubiya. Da ya dawo ya jawo kujera da kansa ya zauna a gabana.

"Na ga Direba," ya ce. "Mutumin da ke juya tirela da hannu ɗaya. Sun ɗaure shi, 'yar nan. Da bandeji, nan da nan, a ƙarfen gado, kamar akuyar da za a kai kasuwa. Bututu a baki, leɓe duk ya tsage, busasshen jini a haƙora, ba mai ɗiga masa ruwa. Yana ganina ya fara fisgar hannu. Na ce da nas ta kwance shi, ta ce zai cire bututun. Na ce to ai abin da yake gaya muku ke nan. Ta ce ni wane ne nasa? Na ce maƙwabcinsa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, a wace unguwa?"

Ya yi tari, ya ninke hankici.

"In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san sauran. Ɗauko biro."

Abu huɗu ya faɗa, kuma bai yi inda-inda a ko ɗaya ba. Kada a sa shi a injin numfashi. Kada a ɗaure masa hannu, ko da wane dalili. A ba shi maganin kashe zafi, a riƙa jiƙa masa baki. Na huɗu, wadda za ta yi magana a madadinsa Mai Kwalabe ce.

"Ƙanenka fa, Baba? Dole in tambaya."

"Wanda ya kasa miƙo mini kwano ta ƙofa, shi zai miƙa maganata?"

Aka kira Mai Kwalabe. Ta saurara, ta riƙe haɓa.

"Ni? Ana zaune ƙalau? Ina ruwana da mutuwar tsohon banza?"

"Ba don halinki na gari na zaɓe ki ba, babu shi," in ji shi. "Ke kaɗai na sani a garin nan da ba ta jin nauyin kowa. Ko babban likita ne sai ki wanke shi tas ki shanya."

"Wannan kam gaskiya ne."

Na sa ta maimaita abubuwan har suka zauna mata. Ta dangwala yatsa, shi ya sa hannu da wani lanƙwasasshen rubutu mai kama da gashin baki. Na rufe katin da leda, ya zura a aljihun ciki na jaket ɗinsa, ya kama da fil. Shi ne mutum na farko da ya cika takardar a cibiyarmu. Bayansa tara suka biyo, galibi daga kan kujerar askinsa, don ba mai iya gardama da reza a maƙogwaro.

Akwai wata kwat a cibiyarmu, baƙa, mai maɓalli uku. Tana rataye bayan ƙofar ofis tare da farar riga da takalmi sau ciki. Ba tsarinmu ba ne, su suka ƙirƙiro abinsu tun kafin in zo. Duk namijin da zai je inda ake auna mutum da ido kafin a amsa gaisuwarsa, kotu ko banki ko asibiti, sai ya tuɓe nasa ya sa waɗannan. Suna da hujja. Da kayanka na titi wuni za ka yi a benci, da kwat kuwa har ranka ya daɗe ake ce maka. Sai dai kwat ɗin ba ta tafiya ita kaɗai. Wanda ya sa ta, in aka tambaye shi adireshi, bakinsa ba ya iya cewa barandar kantin magani. Tsohon gidansa yake faɗa, da lambar gida da sunan layi, kamar jiya ya fito.

Wata safiya numfashi ya yi wa Almakashi wuya. Ya lallaɓa cibiya, ya yi wa kansa gyaran fuska, ya sa kwat. Jaket ɗinsa ya ninke ya ba Mai Kwalabe ajiya, da kati da fil da komai. Ta raka shi har ƙofar asibiti, nan ya tsayar da ita.

"Jira ni a nan. Ke da buhun nan za ki ɓata mini kwalliya."

Sauran daga bakin magatakardar da ke karɓar marasa lafiya na ji shi. Ta ce wani dattijo ne tsaf-tsaf, sai dai yana haki, mutane cike a bayansa. Ta tambaye shi adireshi ya faɗa. Ta tambaye shi ɗan'uwa na kusa, ya ɗan waiga ya dubi layin, ya ce ƙanena, ya karanto lambar waya da ka. Ya koma benci ya zauna, bai jima ba ya sulale ƙasa. Suka caje aljihun kwat, ba komai sai mataji. Suka kira lambar. Muryar da ta ɗauka ta ce a yi masa komai, kada a rage komai.

Rana ta yi tsaka Mai Kwalabe ta faɗo ofishina rungume da jaket.

"Ya shiga bai fito ba. Maigadi ya ce ba a shiga da bola. Na ce buhun kake nufi ko ni, ya ce duka."

Na ɗauki kwafina, na cire katin daga fil, muka tafi. Ita aka tsayar da ita a ƙofa, ni katin aiki ya shigar da ni.

Gadaje takwas ne a ɗakin da ake ajiye waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Yana na shida. Bututu a bakinsa, an manne shi da filasta har kumatu, inji na hura shi yana saki. Hannayensa biyu a ɗaure da bandeji a ƙarfen gado. Yawu ya gangaro ya bushe a wuyansa, mutumin da ke zagin mutane kan dattin bayan kunne. An ba shi maganin barci, amma yatsunsa ba su yi barci ba, sai motsi suke suna neman kullin.

Na miƙa wa nas ɗin da ke kan tebur takarda da kati. Ta duba ledar ta ce, "A jikin kayansa wannan yake?" Na ce e. Sai da ta sa safar hannu sannan ta karɓa da yatsa biyu, ta cusa a bayan fayil ba ta karanta ba.

"Kwamfuta ƙanensa ta nuna," ta ce. "Shi ya faɗa da bakinsa yau da safe. Taki takardar ai ta riga wannan tsufa."

"Tambayarsa aka yi ɗan'uwa, ba a tambaye shi wakili ba. Ga sa hannun likita, ga shaidu."

"Ki gaya wa ofis."

Ƙamshin turare ne ya fara shigowa, sannan mai shi. Wayoyi uku, zobba biyu, hankici a hanci. Kamar su ɗaya da Almakashi, in ka ɗauki Almakashi ka hura shi. Nas ta miƙe tsaye ta jawo masa kujera. Na gabatar da kaina, na gaya masa abin da yayansa ya rubuta.

"Au, ke ce mai koya wa mutane su ƙi magani?" ya ce. "Yayana ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya goya ni. Me kike so duniya ta ce, na bar shi ya mutu ina kallo?"

"Da yake kwana a baranda duniya ba ta ce komai ba?"

"Shi ya zaɓi yawonsa. Tun rasuwar matarsa kansa ba daidai yake ba, kowa ya sani. Wannan takarda kuwa, wa ya san abin da kuka ba shi ya sa hannu?"

Ya matsa jikin gado ya ce, "Yaya, sannu. Ni ne. Kada ka damu, ba abin da za a rage." Sai ya miƙa wa nas waya ɗaya. Ina tsaye ya jawo bargo ya rufe bandejin, ya kama yatsun yayansa, ya sunkuyar da kai ya ɓata fuska. Ta ɗauke su hoto. Ya duba ya ce haske bai yi ba, a sake. Da ya gama ya nemi ruwan wanke hannu ya murza har gwiwar hannu.

A ƙofar waje Mai Kwalabe ta tare shi. Ba wanda ya nuna mata shi, fuskar ta isa.

"Kai ne ƙanen? Ai na zaci ka fi haka girma, mutumin da ya haɗiye shago guda da madubansa."

"Wace ce wannan kuma?"

"Bakin yayanka. Ka je ka ce su kwance shi."

Ya laluba aljihu ya miƙo mata wani abu a dunƙule, irin miƙon da ake yi wa mabarata ba a kallonsu. Ta bar hannun a rataye har ya gaji ya mayar.

Daga nan na shiga zagayen ofisoshi. Ƙofofi shida na ƙwanƙwasa. Mai kula da jin daɗin marasa lafiya ya ce aikin cibiyarmu na burge shi ƙwarai, ya tura ni wajen mai kula da fayiloli. Shi ya ce ba ya canza abin da ke kwamfuta sai mara lafiya ya zo da kansa. Na ce mara lafiyar na ɗaure a gado, ya ce to in ya samu sauƙi. Wata ta ce lauyan asibiti ya yi tafiya. Wani ya tambaye ni ko Mai Kwalabe tana da katin shaida da adireshi. A ofishi na biyar an ba ni shayi. Duk wanda na gaya wa a titi Almakashi yake kwana, sai in ga ya ɗan ja kujerarsa baya, kamar a jakata na zo da titin.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Wuyan hannunsa ya kumbura, bandejin ya nutse a ciki, gefensa ya yi ruwa. Bayansa ya fara salewa. Ƙanen ya zo sau biyu, na biyun da abokai, suka tsaya daga ƙofa suka yi masa sannu da ƙoƙari. Bayan nan sai waya.

Mai Kwalabe kuwa ta tare a gindin katangar asibitin, daidai inda maigadi ba shi da iko. Na kawo mata shawara. Na ce ina da doguwar riga da mayafi, ta yi wanka a cibiya ta sa, mu ajiye buhun, in shigar da ita a matsayin 'yar'uwa.

"Kayan aro ne suka kai shi inda yake," ta ce. "Ni a haka ya zaɓe ni, a haka zan shiga. In na yi kwalliya ma ba zai gane ni ba, sai ya zaci ya mutu."

Abin da ya buɗe ƙofar ba ƙoƙarin ofis ba ne. Bututun ya daɗe a bakinsa, likitoci suka ce sai a huda masa maƙogwaro a mayar da bututun can, kuma wannan aiki sai wani ya zo da ƙafarsa ya sa hannu. Aka kira ƙanen ya ce yana taro. Aka sake kira ya ce su yi duk abin da ya dace, ai ya riga ya faɗa. Da aka ƙara, wayoyin uku duk a kashe. Na samu labari wajen mai sharar ɗakin, don haka da safe na dasa kaina a bakin ƙofa kafin likitoci su fara zagaye. Babbarsu wata mace ce mai furfura, idanunta duk gajiya. Tana fitowa tana faɗan wa zai sa mata hannu, na ɗora mata sabon kwafi a kan fayil ɗin da ke hannunta.

Ta karanta a tsaye. Ta juya bayan fayil ɗin, ta ga katin da ledarsa inda aka cusa shi. Ta dubi nas, nas ta dubi bango.

"Ina matar da aka rubuta a nan?"

"Tana waje, likita. An ce ba a shiga da bola."

"A shigo da ita."

Da buhunta ta shigo, kwalabe na kaɗawa tun daga matakala. Masu jinya suka dare, wata ta toshe hanci da gefen mayafi. Ta tsaya a ƙarshen gado na shida ta dube shi. Sannan ta juya wajen likita.

"Ya ce kada a sa shi a inji, kun sa. Ya ce kada a ɗaure shi, kun ɗaure. Ya ce a jiƙa masa baki, dubi bakin, ko ƙasan takalmina ya fi shi laushi. Ya ce ni zan faɗa, kun bar ni a rana. Huɗu ke nan, ko na rage, 'Yar Lissafi?"

"Ba ki rage ba, Inna."

Likita ba ta kare kanta ba. Ta ce za ta rage maganin barcin ta ji daga gare shi, tunda yana iya farkawa. Muka jira. Da idonsa ya buɗe ya tsaya a kan Mai Kwalabe, likitar ta sunkuya ta yi masa bayani dalla-dalla: ciwon ba zai warke ba, in an huda maƙogwaro inji zai ci gaba da riƙe shi, in an cire bututun kuwa mai yiwuwa ba zai daɗe ba, amma za a ba shi abin da zai hana shi jin zafi da shaƙewa. Ta ce in yana nan kan abin da ya rubuta, ya gyaɗa kai. Ya gyaɗa. Ta sake tambaya ta wata fuskar, ya sake gyaɗawa, ya fisgi hannu har gadon ya yi ƙara.

Kullin ya ƙi kwantuwa, sai da aka yanka bandejin. Fatar wajen ta yi jawur, ta yi zobe. Aka yi masa allura, aka cire filasta, aka zare bututun, aka sa masa ɗan siririn na iska a hanci. Ya yi tari mai tsawo. Mai Kwalabe ta tsoma auduga a kofi tana goga masa a leɓe, tana yi tana masifa.

"Ka ga abin da kwalliya ta jawo maka. Wai zan ɓata masa kwalliya. Ga kwalliya nan."

Ya ɗaga hannun dama a hankali, kamar ba nasa ba. Ya dube shi gaba da baya, ya motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kai shi haɓa ya shafa. Wani ya kankare masa gefen baki don filasta ta kama, ya bar sauran gemun tsibi-tsibi. Leɓensa ya motsa, muka sunkuya.

"Wane... mugun... ya yi wannan aski?"

"Rufe mana baki," in ji ta, hawaye na bin kumatunta. "Da ƙyar aka samu hutu a gari."

Aka mayar da shi wani ƙaramin ɗaki mai taga. Bai ƙara wata magana mai tsawo ba. Ya yi barci, ya farka, ya sha ruwa a cokali. Ta wanke masa wuya da bayan kunne, ta gyara masa filo, ta zauna a ƙasa don ta ce kujerar asibiti ba ta san ta ba. Washegari da hantsi numfashin ya fara nisa da juna. Hannunsa ɗaya na kan ƙirjinsa, ɗayan ya sauko gefen gado, ta riƙe. A haka ya cika. Ita ta rufe masa ido.

Sunan da ke kwamfuta aka kira, don har lokacin ba a canza ba. Wannan karon wayar ta shiga. Ƙanen ya iso da mutum biyar, kukansa ya riga shi hawowa bene. Nas ta kawo kujera, wani ya kawo ruwa, aka miƙa masa takardun karɓar gawa da hannu biyu. Mu aka ce mu ɗan ba iyalai wuri. Muna tsaye a baranda ya fito yana share ido, waya a kunne.

"Wallahi kuwa. Ba abin da ban yi ba. Alhamdu lillahi, a hannuna ya cika."

Na yunƙura, Mai Kwalabe ta riƙe mini hannu.

"Bar shi, 'yar nan. Mai maganar ya samu abin da ya ce, saura nasu ne." Ta saɓa buhunta a kafaɗa ta dubi hagu da dama. "Ina famfo a gidan nan?"

"Hannu za ki wanke, Inna?"

"Kunne."